Bandeha a padel: me ya sa ƙwallon ke tasowa daga gilashi, kuma ina ya kamata a aika ta?

Nura:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga masu koyarwa da waɗanda suka daɗe a wasan padel, wato wasan raket da ake yi biyu da biyu a fili mai raga a tsakiya, kewaye da bangon gilashi da waya. Yawancin masu koyo idan aka ɗaga musu ƙwallo sama suna gaban raga, su buga bandeha, wato bugun sama mai yanka da ke sa ƙwallo ta riƙa juyawa baya, sai ƙwallon ta daki gilashin baya ta taso har ƙirjin abokin hamayya, shi kuma ya samu yadda yake so. Ƙarfi ne ya yi yawa, ko yankan ne bai isa ba? Kuma wane wuri ne ya fi dacewa ta sauka?

Koci Lawan:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Kafin a je ga hannu, a fara da abin da bugun yake yi. Ba a buga bandeha don a ci maki. Abokan hamayya sun ɗaga ƙwallo ne don su kore ku daga raga su karɓe wurin, kai kuma kana buga bandeha don ka hana su. Da abu biyu ake auna ta: tsayin ƙwallon lokacin da za su taɓa ta, da inda kake tsaye a wannan lokacin. Idan ƙwallon na ƙasa da gwiwarsu kai kuma ka koma gaban raga ka tsaya daram, bugun ya yi, ko da a ido bai da wani armashi.

Lissafin fili zai nuna maka dalili. Tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 10, layin sabis, wanda ake yin bugun farko daga bayansa, yana mita 6.95 daga raga. A ce a kan layin sabis ka buga. Ƙwallon za ta yi tafiyar kusan mita 17 kafin ta kai gilashinsu, kai kuma kana da kusan mita 4 da za ka rufe don ka koma wurinka, wajen mita 3 daga raga. Duk ƙarfin da ka ƙara wa ƙwallon, lokacin komawarka ka rage. Shi ya sa ake cewa a buga da rabin ƙarfi ko ɗan sama da haka.

Tasowa daga gilashi kuwa, yawanci daga wurin saukar ƙwallon take. Idan ta sauka dab da gilashi, tana kan tashi za ta dake shi, sai ta ci gaba da hawa. Idan ta sauka a kan layin sabis ko taku ɗaya bayansa, tana da kusan mita 2 zuwa 3 kafin gilashi, za ta isa can ta riga ta fara saukowa, sai ta fito ƙasa-ƙasa.

Hajiya Rabi:
Koci ya yi maganar wuri, bari in ɗora da jiki, domin mafi yawan bandehar da ta lalace tun kafin raket ya taɓa ƙwallo ta lalace. Zan yi bayani da mai buga da dama, bahago sai ya juya.

Riƙo dai kwantinantal ne, yadda ake riƙe guduma. Wanda ya riƙe raket a shimfiɗe, fuskarsa na kallon raga, ba zai iya yanka ƙwallo ba, turawa kawai zai yi.

Da ka ga fuskar raket ɗin abokin hamayya ta buɗe zai ɗaga, abu na farko shi ne juyawa. Ƙafar dama ta koma baya, kafaɗar hagu ta kalli raga, raket ya tashi a lokaci guda. Gwiwar hannu ta kai tsayin kafaɗa, kan raket yana saman kai ɗan baya, fuskarsa a ɗan buɗe. Hannun hagu ya miƙe yana bin ƙwallon. Amfaninsa ya wuce nuni, shi ke riƙe ƙirji a juye kada ya buɗe da wuri.

Sannan a ja baya a kaikaice. Idan nisa ne a fara da harɗe ƙafa, taku biyu manya, sai a ƙarasa da ƙanana. Kada a ja da baya ƙirji na kallon raga. Ba ya sauri, kuma nauyi na komawa kan dunduniya, nan ne mutum ke faɗuwa ta baya kansa ya nufi gilashi. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, masu koyarwa su hana shi tun ranar farko.

A wuce ƙwallon kaɗan, wato ka je bayanta, domin taku na ƙarshe ya zama na gaba. A taɓa ta a gefen dama, ɗan gaban jiki, tsakanin tsayin ido da ɗan saman kai. Nauyi ya tashi daga ƙafar dama zuwa ta hagu. Raket ya tafi gaba yana ɗan saukowa, ƙirji da kafaɗa su ja shi, wuyan hannu a kame, ya ƙare a wajen kafaɗar hagu. Motsin da ya ƙarasa bugun shi ne takun farko na komawa raga.

Abba K.:
Hajiya, a gafarce ni, a kan tsayin da ake taɓa ƙwallon ina da ja. Tsayin ido tsohuwar koyarwa ce. Duk yadda ka bari ƙwallon ta sauko, kusurwar da za ka tsallake raga da ita na ƙara ƙuntata. Raga santimita 88 ce a tsakiya, 92 a gefe. Mai matsakaicin tsayi da ya taɓa ƙwallo a tsayin ido daga mita 7, dole ya buga ta kusan a miƙe, sai ta yi shawagi. A kalli Premier Padel, babbar gasar ƙwararru, yanzu, da yawa suna taɓa ta sama da kai sosai, suna haɗa ta da yankan gefe. Abin da suke bugawa ya fi kusa da bibora, bugun sama mai yankan gefe da ya fi bandeha sauri.

Hajiya Rabi:
Abba, abin da ka gani a Premier Padel gaskiya ne, amma duba ƙafar waɗanda kake magana a kai. Suna isa ƙarƙashin ƙwallon da sauran lokaci a hannunsu, don haka suna da zaɓi. Mai koyo da aka ce masa ya taɓa sama, abin da ke faruwa shi ne ƙwallon ta tsaya daidai tsakar kansa, gwiwar hannu ta miƙe gaba ɗaya, wuyan hannu ya karya, sai ya buga rabin simash, wato dukan sama mai ƙarfi. Ita ce ƙwallon da ke sauka gajere da ƙarfi ta tashi sama, wadda Nura ke kuka da ita. Ban hana a ɗaga wurin taɓawa ba, amma sharaɗin shi ne ta kasance a gefe, hannu a ɗan lanƙwashe. Idan waɗannan biyun sun tabbata, tsayin goshi ko tafin hannu ɗaya sama da kai duk bandeha ce.

Malam Tanimu:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, bambancin a kan zurfin ɗagen ne. A raba filin naka gida huɗu. Ƙwallon da ta yi gajere, tana saukowa cikin mita 3 zuwa 4 daga raga, ta simash ce. Wadda ta kai tsakiya, kana da lokaci ka tsaya da kyau, bibora ce: a taɓa ta ta gefen waje, gwiwar hannu ta fi lanƙwasa, hannu ya fi sauri, ƙwallon ta zame gefe bayan gilashi. Wadda ta kai wajen layin sabis ta bandeha ce. Wadda kuma ta wuce layin tana sama, ko ta riga ta wuce kafaɗarka, a bar ta ta sauka ta daki gilashi, ku koma baya ku biyu.

Gida na huɗun nan shi ne wanda mutane suka fi ƙi. Suna ganin barin ƙwallo ta wuce kamar faɗuwa ce. Bandehar da aka buga jiki na zubewa baya, daga mita 8 ko 9, ba ta da zurfi ba ta da yanka, kuma mai ita ba zai koma raga ba. Ya tsaya a tsakiyar fili, abokinsa na gaba shi kaɗai, an buɗe hanya a tsakaninsu. Gara a bar ta. Idan ta fito daga gilashi da tsayi a buga bahada, wato a sauko da ita daga sama da ƙarfi, idan ba ta yi tsayi ba a mayar musu da ɗage mai zurfi a sake karɓe ragar.

Nura:
Na gode ƙwarai. To idan ƙwallon ta ɗan wuce ni kaɗan, ba sosai ba, a yi tsalle ko kada a yi?

Koci Lawan:
A yi, amma a san me ake nema da shi. Tsallen na cike takun da ƙafa ba ta samu yi ba ne. A tashi da ƙafar dama ta baya, a buga a sama, a sauka da ta hagu, ƙafafun sun yi musaya a iska, ƙirji ya ɗan rusuna gaba wajen sauka don kada nauyi ya ci gaba da tafiya baya. A irin wannan bugun a ƙara rage ƙarfi, a nufi tsakiya. Wanda ke yin tsalle a kowace bandeha, har wadda zai iya bugawa ƙafa a ƙasa, yana jinkirta komawarsa ne kuma yana gajiyar da kansa a banza.

Zulai:
Ina so a tsaya a kan inda ake aikawa, domin nan ne ake cin wasa ko a zubar. Wurare uku ne, kuma ba daidai suke ba.

Tsakiya ita ce ta farko idan an matsa maka. Ragar ta fi ƙasa a wurin, babu gilashin gefe da za ka daka kai tsaye, kuma ka tuna ƙwallon da ta taɓa gilashi ko waya kafin ƙasa ta fita. Wanda ya karɓa daga tsakiya ba shi da kusurwa mai faɗi da zai wuce ku da ita. Ga kuma ruɗanin wa zai ɗauka a tsakaninsu.

Kusurwar da ke gicciye da kai ita ce ta biyu, kuma ita ce gidan bandeha na asali. Tafiyar ta fi tsawo, daga kusurwa zuwa kusurwa fili ya haura mita 22, don haka kana da ƙarin wurin kuskure da ƙarin lokaci. Gilashin gefe yana ɗaukar mita 4 daga bango na baya. Idan ƙwallon ta sauka ta daki gilashin gefe tukuna sannan na baya, ko na baya sannan na gefe, mai karɓa sai ya karanta bango biyu, wani lokaci ya juya gaba ɗaya. Wanda ya juya yana bin ƙwallo ƙasa da gwiwa ba abin da zai iya sai ya sake ɗagawa, kuma sau da yawa ɗagen na biyu ya fi na farko gajarta. Wannan gajeren shi ake jira.

Miƙe a kan layinka ita ce ta uku kuma ta fi haɗari. Tafiyar gajeriya ce, mai karɓa yana gabanka kai tsaye, yana ganin ba ka ƙarasa komawa ba, sai ya sa maka ƙaramar ƙwallo a ƙafa, wadda ake kira cikita, ko ya wuce ta gefenka. A ajiye ta don lokacin da ya matsa tsakiya ya bar gefen, ko don a karya masa sabo bayan an yi ta aikawa gicciye.

Abba K.:
Anti Zulai, ina batun waya? Ƙwallon da ta sauka ta shiga wayar gefe ba wanda ya san inda za ta fito.

Zulai:
Haka ne, kuma a cikin wasa halal ce, a sabis ne kawai taɓa waya bayan sauka ke zama kuskure. Amma duba inda wayar take: mita 12 na tsakiyar gefen fili, wato mita 6 daga raga a kowane ɓangare. Don ka same ta sai ka buga gajere kuma a kusurwa mai tsauri, ta inda ragar ta fi tsayi. Daga kusa da raga abu ne mai yiwuwa. Daga layin sabis, kuskuren tafin hannu ɗaya zai sa ta daki wayar kai tsaye ko ta tsaya a raga. Kuma idan ba ta shiga wayar ba, ka ba shi gajeriyar ƙwallo kana baya. Bugun kai hari ne wannan, a yi shi daga gaba.

Malam Tanimu:
Batun yanka bai samu amsa sosai ba, kuma Nura ya tambaya. Ƙwallon da ke juyawa baya tana zamewa a kan ciyawar roba ba ta tashi sosai, kuma abin da ya rage na juyawar idan ta taɓa gilashi ƙasa yake tura ta. Mai juyawa gaba kuwa hawa gilashin take yi. To amma yadda ake samun yankan shi ne matsalar. Masu koyo suna sara daga sama zuwa ƙasa, fuskar raket a buɗe sosai. Sakamakon biyu ne: ko ta faɗa raga, ko ta yi shawagi a hankali abokin hamayya ya tako gaba ya tare ta kafin gilashi. Raket ɗin padel ba shi da igiya, ba ya kama ƙwallo yadda na tanis yake yi, don haka yankan da za a samu daga gogawa kaɗan ne. A buɗe fuskar kaɗan, a bi ta cikin ƙwallon zuwa gaba kamar tsawon kamu biyu kafin hannu ya fara naɗewa. Zurfi tukuna, yanka ya biyo baya. Ƙwallo mai zurfi marar yanka ta fi gajeriya mai yanka.

Ga yadda za a gane cutar daga alamarta. Tana faɗawa raga: an taɓa ta can gaba da yawa, ko an sauke kai da hannun hagu kafin bugu. Tana dukan gilashin baya kai tsaye: an taɓa ta bayan kai, fuskar raket na kallon sama. Tana fita gefen hagu ga mai buga da dama: ƙirji ya buɗe da wuri. Gwiwar hannu na ciwo: ana matse riƙo tun daga farkon motsi, ko wuyan hannu ke yin aikin kafaɗa.

Hajiya Rabi:
Malam Tanimu ya kawo ciwo, to a ambaci raket. Doka ta ƙayyade tsawonsa kada ya wuce santimita 45.5, faɗi 26, kauri milimita 38, amma nauyi da siffa zaɓi ne. Mai siffar lu'ulu'u nauyinsa na kai, wurin bugunsa mai daɗi yana sama, an yi shi don simash. Mai koyon bandeha da shi zai riƙa makara wajen ɗaga hannu, kafaɗa kuma ta biya. Mai zagaye, ko mai siffar ɗigon ruwa, wajen giram 350 zuwa 365, da roba mai laushi a ciki, ya fi yafe kuskure. Kuma a sa igiyar hannu, doka ce.

Koci Lawan:
Akwai rabin bandeha da ba mai bugawa ke yi ba, abokinsa ke yi. Wanda idonsa ke sama ba ya ganin abokan hamayya. Abokinsa ne zai faɗa masa da kalma ɗaya: "baya" idan suna nan a gilashi, "suna zuwa" idan sun tako, ko ya ce na gabanka ne ke zuwa ko na gabana. Idan suna baya, a buga mai zurfi a hankali yadda aka yi bayani. Idan sun biyo ɗagensu sun tako, mai zurfi a hankali kyauta ce, za su tare ta a iska a tsayin ƙirji. A nan sai a sauke ta a ƙafar mai tahowa, ko a ƙara mata sauri ta tsakiyarsu.

Abokin kuma kada ya kafe a raga. Ya ja baya taku ɗaya ko biyu tare da mai bugawa, ya ɗan matso tsakiya, sannan su koma tare. Kuma komawar ba gudu ne har raga ba. Duk inda ka kai lokacin da abokin hamayya zai taɓa ƙwallo, ka tsaya, ƙafafu a buɗe, nauyi a kan yatsu. Wanda aka kama yana gudu, da ɗage na biyu ake wuce shi.

Nura:
Ɗagen da ya faɗo tsakiya fa, wa ke ɗauka?

Zulai:
Idan ku biyu da dama kuke bugawa, na gefen hagu ne, domin hannunsa mai raket na wajen tsakiya. Na gefen dama idan ya ce zai ɗauka sai ya zagaye ƙwallon, ya bar gefensa a buɗe. Idan na gefen dama bahago ne, hannayen biyu duk suna tsakiya, irin yadda a cikin ƙwararru Arturo Coello, bahago, ke dama, abokin wasansa Agustín Tapia na hagu. A nan sai an yi yarjejeniya tun kafin wasa, kuma wanda ya fara kira shi ke da ita. Shi ya sa kuma masu wayo ke ɗaga wa ɗan gefen dama mai buga da dama ta kan kafaɗarsa ta hagu, ko ɗan gefen hagu a kan layinsa. A can sai ya ƙara taku biyu kafin ya samu ƙwallon a damansa. Wanda bai juya da wuri ba, ba zai kai ba.

Abba K.:
Na karɓi maganar Hajiya a kan mai koyo, amma ina nan a kan cewa wanda ya kai matsakaicin mataki ya fara haɗa bibora, in ba haka ba za a gane shi, a riƙa ɗaga masa ba tsoro. Sai dai in ƙara da yanayi, domin yana canza lissafin duka. Zafi da tudu suna sa ƙwallo ta yi rai. A fili mai zafi irin na Doha ko Riyad da rana, ko a birni mai tudu kamar Madrid, bandehar da ta ɗan yi ƙarfi za ta fito daga gilashi da nisa, don haka a rage gudu, a matso da wurin saukar wajen layin sabis. A sanyi, ko gilashi ya yi raɓa da dare, ƙwallon na zamewa ƙasa da kanta, a nan ana iya ƙara gudu da zurfi. Sababbin ƙwallaye ma sun fi tashi. A filin waje idan iska na bayanka ɗagensu zai tsaya gajere, kada ka yi saurin ja baya da yawa. Idan tana fuskarka zai wuce inda ka zata, ka ƙara taku ɗaya.

Malam Tanimu:
Nura, ga atisayen da zai haɗa abin da aka faɗa. Mataki na farko ba raket: wani ya ɗaga ƙwallo da hannu, kai ka juya, ka ja a kaikaice, ka cafke ta da hannun hagu a gefen damanka, tsayin goshi. Sau 20. Idan kana cafke ta a tsakar kai, ƙafarka ba ta gyaru ba, kada ka wuce gaba. Mataki na biyu da raket: a sa alama biyu a filin can, ɗaya a kan layin sabis, ɗaya mita 1.5 bayansa, a buga 20 tsakiya, 20 gicciye, a ƙirga waɗanda suka sauka tsakanin alamomin. Mataki na uku: bayan kowane bugu ka koma ka taɓa alamar da aka sa mita 3 daga raga kafin a ɗaga ta gaba. Na huɗu a sa mutum a can baya yana karɓa, ya riƙa faɗin inda ƙwallon ta same shi, gwiwa, ƙugu ko ƙirji. Idan 14 cikin 20 suna zuwa masa ƙasa da ƙugu, a fara cakuɗa ɗagen, wani gajere wani mai zurfi, ka riƙa kiran "bari" da ƙarfi a kan wanda ya wuce layin sabis kafin ka juya ka bi shi.